Ranar da Na Hau Soro da Shadda

Assalamu alaikum mutanen gurup. Na ga saƙonninku, har da na masu cewa Safi ta samu miji ta manta da mu. Ban samu ba tukuna, ban kuma manta da ku ba. Hannuna na dama ne a ɗaure, da babban yatsan hagu nake danna wannan rubutun, don haka wadda ta ga harafi ya karkace ta yi haƙuri. Yadda aka yi hannun ya ji ciwo shi ne labarin yau.

Saboda sababbin shigowa, ni ce Safi ɗiyar Malam Kailu mai gyaran keke. Gidanmu yana can ƙarshen Filinge, inda turakun kuran, wato wutar lantarki, ba su iso ba har yau. Na yi karatun lantarki a santir ɗin koyon sana'a, ni kaɗai mace a ajinmu. Da hawan jini ya taɓa wa Baba hannun dama, sai na koma rumfarsa ta ƙofar gida. Shi ne ido da baki, ni ce hannu. Ina rubuta muku da Hausar littafi don kowa ya gane, amma maganar su Inna zan bar ta yadda take fitowa daga bakinsu, domin idan na gyara ta daɗinta ya tafi.

Abin da ya fara kai ni ga haɗa farfelar iska mai ba da wuta, salular Inna ce. Yayana Tahiru yana Abijan wajen nema, kuma kun san ɗan fari, Inna ba ta kama sunansa, sai dai ta ce "wancan na Abijan". Amma idan ya turo bokal, wato saƙon murya, sai ta shige ɗaki ta saurara, ta sake, ta sake, har batir ya mutu. Daga nan sai a kai salula cikin gari caji, wani lokaci ta kwana can. Muna da ɗan farantin sola, akuyar maƙwabta ta ture shi ya tsage. Wata rana na ga Inna riƙe da matacciyar salula tana shafa fuskarta da gefen zane, a daidai lokacin kuma iska tana ta wasa da shanyarmu kamar za ta tsinke igiya. Unguwarmu a buɗe take, iskar da ke biyo kwarin dallol kanmu take fara sauka. Na ce a raina, wannan iskar kullum kyauta take wucewa, ba wanda ya taɓa sa ta aiki.

Kun san kekunan gwanjo na ƙasar Turai da fitilarsu ke kamawa da an fara tuƙi? Wasunsu dinamon, wato ɗan injin da ke haifar da wutar, yana ɓoye ne cikin cibiyar ƙafar gaba. Baba yana da guda a cikin tarkacensa. Na ce idan ƙafar mutum tana iya juya shi ya ba da wuta, iska ma za ta iya. Matsalar, guda ɗaya wutarsa kaɗan ce, sai an samu na biyu.

A nan Hafizu ya shigo labarin. Ma'aikacin dabbobi ne, mai yi wa shanu da awaki allura, mutumin Damana, amma aiki ya ajiye shi Filinge. Ya zo facin tayar moto, wato babur ɗinsa, ya tarar da ni ina juya ƙafar keke da hannu, ɗan ƙwan fitila yana kamawa yana mutuwa. Ya tambaya, na ce masa dinamo na biyu nake nema, ya tsaya kallo har Baba ya yi gyaran murya. Bayan 'yan kwanaki sai ga shi ya dawo da yamma cikin farar shadda, da ƙunshi a takarda mai ƙyalli har da zare ja. Gwaggo Habsa, ƙanwar Baba da ke zaune tare da mu, ta karɓa tana murmushi, ta ce nauyinsa nauyin turare mai tsada ne. Da aka buɗe sai ga dinamo, da ragowar maiƙo a jikinsa. Ya zagaye masu kekunan kasuwar Baleyara kaf kafin ya samo shi.

Gwaggo ta riƙe baki. "Wanga wane irin saurayi na? Ƙarhe ɗiyar mutane za ta shahwa?"

Ni kuwa, 'yan uwa, ranar na san an kama ni. Turare kowane saurayi yana iya saye. Wannan sai wanda ya saurari abin da na ce.

Masu tambayata yadda na haɗa abin, ga shi a gajarce. Na ɗauki ƙafafun keke biyu, kowace da dinamonta a tsakiya, na cire musu taya da tib, janti, wato zagayen ƙarfen, da wayoyinsa kawai suka rage. Na ɗaura su gefe da gefe a kan ƙarfe guda, kamar idanu biyu. Fukafukan farko da gwangwani na yi su, suka yi nauyi, iska ta zo ta wuce suna kallonta. Shi dinamo yana da 'yar gardama a farkon juyi, saboda maganaɗisun da ke cikinsa, sai an ba shi fiffike marar nauyi mai kama iska sosai. Na koma tiyon roba irin na famfo, na tsaga shi a tsaye da zarto, na fere kowane yanki, faɗi a gindi siriri a kai, na goge bakinsa da kwalba. Gwajin farko fiffike ɗaya ya ɓalle ya faɗa gidan maƙwabta tsakiyar kaji. Har yau zakaransu idan ya gan ni sai ya canza hanya.

Baba ne ya ce in daina ɗauri da waya, in huda in sa noti, in kuma auna nauyin kowane gefe. Sai mu rataye ƙafar mu sake ta, inda ta fi nauyi ya koma ƙasa, ni kuma in rage. Haka muka yi ta yi har ta zama duk inda aka tsayar da ita nan take tsayawa. Wuyan keke, inda kan keke ke juyawa, shi na sa a saman dogon tiyon ƙarfe don abin ya riƙa bin iska duk inda ta juya. Jela kuwa, wadda ke juya shi, tsohon tiren Inna ne mai zanen furanni. Ta yi mini faɗa, daga baya ta ce ai dama bakinsa ya lanƙwashe.

Saura abu ɗaya. Wutar dinamo gaba da baya take yi, shi kuwa batir hanya ɗaya yake so a shigo masa. Sai na farke matattun rediyo na ciro diyod, 'yan ƙananan abubuwa masu barin wuta ta wuce gaba su hana ta dawowa, na haɗa wa kowane dinamo nasa. Waya ta sauko ta jikin bango zuwa ɗakin Inna, inda na ajiye batirin moto cikin akwatin katako, da wurin soka salula da ƙwan fitila guda. A jelar kuma na ɗaura doguwar igiya ta sauko har tsakar gida. Idan iska ta yi yawa sai in ja, abin ya ba iska gefe, ya lafa. Ita ce birkinsa.

Ranar da muka kafa shi kan soro, da hantsi, na soka salular Inna. Shiru. Can sai iska ta taso, idanun nan biyu suka fara juyawa, sai ga alamar caji ta kama. Inna ta dubi salula, ta dubi soro, ta dube ni, ta ce, "Ikon Allah." Baba kuwa fita ya yi ya zauna a rumfa, duk wanda ya zo wucewa sai ya kira shi da sunan gaisawa, ya nuna masa sama da haɓa. Matan unguwa suka sa mata suna Mai Ido Biyu. Yanzu salularsu layi take yi a ɗakin Inna.

To, wannan ke nan. Sai maganar aure ta taso.

Hafizu ya gaya wa mahaifiyarsa, Hajiya Mariama, ita kuma ta ce kafin maza su shiga maganar tana so ta zo da kanta ta ga gidan da yarinyar. Ya turo mini saƙo:

"Injiniya, Hajiya da yayata Anisa za su zo ranar Alhamis bayan azahar. Ni ina daji wajen rigakafi, ba zan samu zuwa ba."

"Likita, tsoro nake ji."

"Hajiya ba ta cizo. Kallo ne da ita kawai."

"Ka gaya mata sana'ata?"

"Na ce kin yi karatun kuran."

"Ka ce ina hawa soro?"

Ya turo hoton fuska mai gumi. Nan na gane bai faɗa ba.

Gwaggo Habsa ta karɓi ragamar gidan tun ranar Talata. Aka share, aka yi sabon daɓe a bakin ɗaki, aka wanke labule. Ta kwashe kayan aikina duka, filaya, sukundireba, zarto, ta tura ƙarƙashin gadonta. Ta zaunar da ni ta jiƙa hannuwana a ruwan ɗumi da lemun tsami tana gurzar baƙin mai da ke ƙasan farcena, tana yi tana mita.

"Dibi hannun ɗiya mace awa na maƙeri. Safi, ki ji ni da kyau. Ranar ga ba ki san keke ba, ba ki san kuran ba. In an tambaye ki, ɗinki kike koyo."

"Gwaggo, ƙarya ke nan fa."

"Ba ƙarya ba ta, kunya ta. Sa'o'inki duk sun yi amre, wasu da goyo. Ke kina bisa soro awa shirwa."

Na dubi Inna ko za ta sa baki. Ta sunkuyar da kai tana tsintar shinkafa. Daga baya da muka keɓe ta ce mini a hankali, "Ki yi mata haƙuri, tsoro take ji kar a ƙi ki. Ni ma ina ji." Wannan maganar ta fi faɗan Gwaggo nauyi a ƙirjina.

Gwaggo ta so a sauke farfelar ma gaba ɗaya. Baba ya ce a'a, kalma ɗaya, bai ƙara ba.

Ranar Alhamis aka yi mini lalle ja da baƙi har wuyan hannu. Na sa shaddata ruwan hoda mai aikin zare a wuya, wadda Tahiru ya aiko da sallah, da ɗankwalinta, da mayafi fari mai duwatsu. Inna ta ba ni 'yan kunnenta. Na duba madubi na ce lallai Malam Kailu ya iya haihuwa. Abu ɗaya na ɓoye wa Gwaggo: a ƙarƙashin zanen na bar dogon wandona na aiki. Ba don na san wani abu zai faru ba. Na saba ne, idan babu shi sai in ji kamar ban gama shiri ba.

An dafa shinkafa da miyar kaji, an kwaɗa kopto na zogale da ƙuli, ga fura mai sanyi, ga zoɓo da lemun citta. Bayan azahar mota ta tsaya. Hajiya Mariama doguwa ce, baƙa, siririya, cikin leshi ruwan toka da farin gilashi. Uwarta Bazabarma ce, don haka tana shigowa ta ce, "Fofo, mutanen gida," sannan ta juye Hausa. Anisa kuwa mai fara'a ce, tun daga zaure take yi mini murmushi. Sun gaisa da Baba a rumfa, aka shimfiɗa musu tabarma da darduma a inuwar dogonyaro a tsakar gida, saboda zafin ɗaki. Ranar gari ya yi cik, ko ganye ba ya motsi, irin zafin da manoma ke cewa ruwan shuka ya kusa.

Na durƙusa na gaishe su, kaina a ƙasa. Hafizu bai yi ƙarya ba, kallo ne da ita. Na ji shi a kan wuyana, a kan lallena, har a kan yatsun ƙafata.

"Mi kike yi yanzu, ɗiyata?"

Kafin in buɗe baki Gwaggo ta cafe. "Ɗinki take koyo, Hajiya. Ga girki, wagga miya duk ita ta yi."

Miyar dai ni na yi, wannan gaskiya ne. Hajiya ta ɗaga kai ta dubi soro, inda Mai Ido Biyu ke tsaye ba motsi.

"Wancan hwa? Mi ne ne?"

"Wasan Malam na," in ji Gwaggo da sauri. "Tun da hannu ya ƙi, da shi yake ɗebe kewa."

Jama'a, ban san lokacin da na ɗago ido ba. Wata da watanni ina yanka, ina gogewa, ina ƙonewa da dalma, a ce wasa ne, a kuma ce ba nawa ba. Inna ta ɗan taɓa ƙafata ta ƙarƙashin mayafi. Na haɗiye.

Ana cikin cin abinci, wajen la'asar, sai inuwa ta sauya. Na waiga gabas, hadari ya haɗo baƙi ƙirin tun daga ƙasa har sama. Iska mai sanyi ta fara busowa, 'yan unguwa suka ɗau kabbara da guɗa, domin ruwan farko ne. Farfela ta juya ta fuskanci gabas ta fara aiki. Da farko fir-fir ɗinta na kullum. Kafin a kwashe kwanuka ta koma wani irin kuka, wuuu, fukafukan sun ɓace, sai da'ira biyu farare. Turken ƙarfen ya fara rawa.

Na miƙe a hankali, wai zan kai kwano madafa, na nufi bango inda igiyar birki take rataye. Babu igiya.

"Gwaggo, ina igiyar nan?"

Ta yi ƙasa da murya. "Na jehwa ta bisa soro da sahe. Ta yi muni tana reto gaban baƙi."

Na san abin da na haɗa. Idan iska ta ƙara ƙarfi, ko dai turken ya karye, ko fiffike ya ɓalle, kuma bakin fiffiken nan ni na wasa shi da hannuna. A ƙarƙashinsa ga Inna tana tattara tabarmi, ga Hajiya tana neman takalminta, bayan katanga ga gidan maƙwabta cike da mutane suna kwashe shanya.

Gwaggo ta riƙe mini hannu. "Kar ki soma. Safi, don girman Allah. Bari shi karye."

Sai ga Baba ya shigo daga zaure, yana jan tsohon tsaninmu na itace da hannun hagu. Ya jingina shi a bango, ya tokare shi da kafaɗa da ƙafa. Bai dubi Gwaggo ba, bai dubi baƙi ba. Ni ya duba.

"Hau," ya ce.

Na cire takalmi. Na yaye mayafi na ɗaure shi tamau a ƙugu. Na tattare zanen shadda na soke, wandon aikina ya bayyana. Na ji Gwaggo ta ce "Innalillahi," kamar an yi mutuwa. Na kama tsani.

A sama iska ba irin ta ƙasa ba ce. Ina ɗago kai ta fizge ɗankwalina ta wuce da shi, ban sake ganinsa ba har yau. Ban iya miƙewa ba, da rarrafe na tafi, tsakuwa tana cin gwiwata, 'yan kunnen Inna suna dukan wuyana. Ga igiyar can ta nannaɗe a gindin turke. Na kwanta ruf da ciki don kada fukafukan su same ni, na warware ta, na naɗa a hannu, na ja. Ta ƙi. Iska ta danne tiren Inna kamar mutum ya riƙe. Na tokare ƙafa biyu a bakin soro, na ce bismillah, na ja da dukan jikina. Sai jela ta karkato, idanun biyu suka ba iska gefe, kukan ya fara sauka. Na ɗaure igiyar a turke. Ƙafar dama ta tsaya, ta hagu tana ɗan juyawa, na yi garajen kama jantinta don in ɗaure. Bakin fiffike ya shafi tafin hannuna. Ban ji zafi ba a lokacin, ɗumi kawai na ji. Na ɗaure ta da bakin igiya, na taɓa kowane noti, duk suna nan daram. Ko fiffike ɗaya bai tsage ba.

Zan gaya muku gaskiya. A wannan lokacin, ruwa ya fara sauka manya-manya, ƙanshin ƙasa ya tashi, ina durƙushe kan soro kai ba ɗankwali, hannu na jini, ban tuna da Hajiya ba, ban tuna da aure ba. Abin da na ce a raina shi ne: ta jure. Abin da na haɗa da tarkace ya tsaya gaban hadarin ƙasarmu ta Kurfai bai faɗi ba.

Wajen saukowa ne tsani ya ci amanata. Matakin kusa da ƙasa ya karye, na zube daɓas cikin caɓi a gaban uwar saurayina.

Aka shige ɗakin Inna da gudu. Hadari ya sa ɗakin ya yi duhu kamar magariba, Inna ta miƙa hannu ta danna makunni, fitila ta kama fes. Shaddata ta zama kalar ƙasa, lallena ya haɗu da jini. Hajiya ta ce a ba ta ruwan ɗumi da gishiri. Ta kama hannuna ta wanke, ta matse, ta ciro farin hankici daga jakarta ta ɗaure. Ta juya tafin nawa a ƙarƙashin fitila, ta shafa kantar da lalle bai iya ɓoyewa ba.

"Wanga ba hannun ɗinki ba na," ta ce.

"A'a, Hajiya. Ni na haɗa ta. Tun daga fiffike har fitilar ga."

Gwaggo ta rufe fuska da mayafi. Baba yana tsaye a bakin ƙofa, ruwa na zuba a kafaɗarsa. Hajiya ta dube shi.

"Malam, ɗiya mace ta. Ba a yi ta don bisa soro ba."

"Hajiya, ni na riƙe mata tsani," in ji Baba. "Kuma da hannuna biyu na da lahiya ma, ita zan aika. Ta hi ni sanin abin."

Tunda nake, ban taɓa jin Baba ya yabe ni a gaban mutane ba. Na sunkuyar da kai don kada a ga idona.

Da ruwa ya tsagaita suka yi sallama. Hajiya ta yi godiyar abinci, ta sa albarka, amma fuskarta ba ta nuna komai ba. Anisa ta tsaya baya kamar tana gyara takalmi, ta raɗa mini, "Na ɗauke ki bidiyo tun daga matakin farko. Wallahi ke namijin duniya ce." Ta fita tana danne dariya.

Gwaggo ba ta ci tuwon yamma ba. Ta ce na zubar da abin da aka yi kwana da kwanaki ana tarawa. Bayan magariba saƙo ya shigo.

"Na ga bidiyo. Yaya hannun?"

"Da sauƙi. Me Hajiya ta ce?"

"Ta ce sai na dawo za mu yi magana."

Na rubuta ban haƙuri mai tsawo, na karanta, na goge. Haƙurin me zan bayar? Sai na rubuta: "Likita, gara ka sani tun yanzu. Ko gobe aka maimaita, sai na hau."

Alama ta nuna ya karanta. Bai amsa ba.

Kwana biyu ba saƙo, ba kira. Gari duk an fita shuka, unguwa ta yi tsit, daga ni sai Baba a rumfa ina miƙa masa kaya da hagu. Na kwance wa Mai Ido Biyu ɗaurinta ta hanyar tura doguwar gora daga kan katanga, ta ci gaba da aikinta. Ina nuna ban damu ba, amma duk moton da ya wuce sai kunnena ya bi shi har ya ɓace. Inna ta lura, sai ta riƙa ƙara mini nono a fura.

Yau da hantsi sai ga ƙarar motonsa, a hankali yake tafe kamar mai rakiyar amarya. Na leƙa. A bayansa amalanken jaki ne, a kan amalanken kuma tsani na ƙarfe, sabo fil, an shafa masa shuɗin fenti, wurin waldar ma bai gama hucewa da ƙauri ba. Matakansa masu faɗi, samansa da ƙugiya biyu na kama bakin soro.

Ya durƙusa ya gaida Baba, sannan ya juyo, yana sosa ƙeya.

"A bidiyon na auna tsayin soron. Idan ya gaza, mai walda ya ce a mayar ya ƙara."

Gwaggo da ta leƙo daga zaure ta ce, "Wanga yaro shi ma ba shi da lahiya," amma na ga tana ɓoye murmushi.

Aka shigar da tsanin aka jingina. Ya yi daidai, ƙugiyoyin suka kama kamar don nan aka haife su. Na dube shi na ce a hankali, "Hajiya fa?"

Murmushinsa ya ragu. "Ba ta san da tsanin nan ba. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Lambarki kawai ta karɓa."

Bai rufe baki ba salulata ta ɗau ƙara. Baƙuwar lamba. Ya leƙa, ya gyaɗa kai. Na tsaya ina kallon salular tana ta ƙara.

"Ɗauki mana," in ji Baba daga zaure. "Wadda ta hau soro cikin hadari, salula za ta ba ta tsoro?"

Na goge gumin hannuna a zane, na kara a kunne, na yi sallama.

"Safiya," in ji muryar, da cikakken sunana wanda ko Inna ba ta kira. "Kina tsaye ko kina zamne?"

"Ina tsaye, Hajiya."

"To zamna. Magana gare ni, kuma mai tsawo ta."

Na waiga, babu kujera kusa, babu tabarma. Sai na zauna a kan matakin farko na sabon tsanin, na ce, "Na zauna, Hajiya. Ina jin ki."